Ranar da Nana Ta Kira Sunan Surukinta

Nana Hadiza Lawal ta kira sunan mahaifin saurayinta da lasifika, a gaban jama'ar da ta cika ɗakin taron matasa na Dutsin-Ma. Kafin azahar ɗin washegari, dangin saurayin sun aika Kurfi cewa za su zo su ɗauki kayansu.

Ranar Asabar abin ya faru, tsakanin la'asar da magariba, lokacin da ake yin kowane wasa yanzu don mutanen ƙauye su kama hanya da sauran haske. Wasan daɓe ne mai waƙoƙi, na ƙungiyar Muryar Karaduwa, sunansa "Kira Daga Gaɓa". Nana ce ta fito a matar masunci. Saurayinta Abdullatif shi ya rubuta wasan, shi kuma ya fito a masuncin. Masuncin nan kuwa mahaifinsa ne, Malam Ashafa, wanda ruwan dam ɗin Zobe ya ci tun Abdullatif yana goye.

Ba suɓutar baki ba ce. Ta san abin da zai biyo baya.

Ga yadda aka yi.

Da aka gama roron wake ƙungiyar ta kira tantancewar 'yan wasa. Shirinsu shi ne su buɗe wasan a Dutsin-Ma, sannan su kai shi Kurfi. Mai ba da umarni Malam Kefas ne, malamin kiɗa, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma ta Katsinawa. Shi ke kaɗa fiyano, shi ke raba wa kowa matsayinsa.

'Yan mata da yawa suka gwada, aka tsaya a kan biyu. Akwai Yasmin, wadda ta saba jan wasannin ƙungiyar, kuma kowa ya san ta taɓa sa rai da Abdullatif. Akwai Nana, malamar firamare a Kurfi, wadda ke biyo bas ta zo ta tsaya a layin 'yan amshi.

"Waƙar ƙarshe ita ce wasan," in ji Malam Kefas. "Mata tana bakin ruwa, miji yana cikin kwale-kwale ya ba ta baya, hadari ya taso. Wadda ta kira shi har na ji a jikina, ita ce matar masunci."

Yasmin ta rera, babu inda ta kuskure.

Sai Nana ta karɓi makirfo.

"Gabas ta yi baƙi, juyo ka gani,
Saki tarun nan, gida ke kira,
Ashafa... Ashafa, juyo..."

Mai rake da ke zaune a bakin ƙofa ya leƙo ya tambaya wa ake nema.

Malam Kefas ya ɗauke hannu daga fiyano.

"An gama," ya ce.

Abdullatif ne ya raka ta tashar motar Kurfi ranar, yana tura babur ɗinsa a gefenta.

"'Yar Kurfi, kin kusa sa ni kuka a gaban yara."

"Marubuci, ai kai ka rubuta abin kukan."

"To ga wani labarin da ban rubuta ba. Kawu Jibril ya ce Juma'a mai zuwa za su je gaisuwa wurin Baba."

Ta ja gefen hijabinta ta rufe baki.

"Da gaske?"

"Na taɓa yi miki wasa da wannan, Nanata?"

Ta shiga bas tana murmushi. Daga shi har ita babu wanda ya tuna da waƙar.

*

Aka kai gaisuwa, mahaifinta Malam Lawal tela ya karɓa, aka biyo da akwatin kaya aka ajiye a ɗakin mahaifiyarta. A gwajin farko bayan nan Nana ta hau dandamali kamar kullum. Ta wuce layi na farko, ta wuce na biyu. Da ta zo kan sunan sai bakinta ya rufe.

Aka sake daga farko.

"Saki tarun nan, gida ke kira... Baba... Baba, juyo..."

'Yan amshi suka kwashe da dariya.

"Nana," in ji Malam Kefas, "mijinki ne a wasan nan, ba babanki ba."

"Malam, ka yi mata uzuri," Yasmin ta ce daga inda take zaune tana duba waya. "Amarya ce fa yanzu. Sunan suruki ya fi ƙarfin bakinta."

"Na san al'adar, ba jiya na zo ba. Amma a kan dandamali ba ke ba ce, Nana. Matar masunci ce."

"Na sani, Malam. Bakin ne ya ƙi."

Ba ƙarya ta yi ba. Tun tana yarinya ta ga mahaifiyarta tana kewaye sunan kakansu kamar mai kewaye rijiya, har ƙanin Nana da aka sa wa sunan ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Abba. Ba wanda ya zaunar da Nana ya koya mata. Abin ya zo da kansa, ranar da akwatin ya shigo gidansu.

Ba a yi nisa da gwaji na gaba ba sai ga Gwaggo Batula ta yi sallama.

Ƙanwar marigayi Malam Ashafa ce. Ita ta riƙe Abdullatif a gari har ya gama makaranta, kuma a dangin ba a yanke magana sai an ji tata. Ta tsaya tsakiyar ɗakin, waya a hannunta, muryar Nana tana fita daga ciki tana kiran sunan. Bidiyon ranar tantancewa ne. Yasmin ce kaɗai ta ɗauka.

Nana ta sauko ta durƙusa.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya. Muryarki ce wannan?"

"Tawa ce. Amma kafin a kai gaisuwa ne..."

"Ba a gaya mini haka ba." Gwaggo ta ɗan kalli inda Yasmin take, ta mayar da ido. "To na ji. Na baya ya wuce. Na gaba fa?"

"Gwaggo, wasa ne kawai," in ji Abdullatif.

"Kai, rufe mini baki. Na bar ka ka sa sunan yayana a wasa don ɗansa ne kai. Kowace yarinya ta kira, ba ruwana. Ban da wadda za ta shigo gidanmu."

"Hajiya," in ji Malam Kefas a hankali, "idan tana kan dandamali wata ce daban."

"Malam, baki nawa gare ta?"



Gwaggo ta sunkuyo kan Nana.

"Bari in gaya miki irin gidan da za ki shiga. Uwar yaron nan, Rahamatu, tana tsaye a bakin Zobe ranar da yayana ya tafi. Tana ganinsa da idonta. Ko a nan ba ta kira sunansa ba. Malam ta ce, har ruwa ya rufe. Duk amaryar da aka kawo mana sai mun ba ta wannan labarin. Idan kika buɗe baki kika kira shi a lasifika, ni da kaina zan je Kurfi in ɗauko akwatinmu."

Ta juya ta fita.

Abdullatif bai ɓata lokaci ba.

"Mu canza sunan. Mu sa Garba."

"Garba gajere ne," in ji Malam Kefas. "Sai na ja sautin, kuma ba zai yi daɗin na farko ba."

"Ka ja shi, Malam. Wasa ne wannan, wancan kuwa aurena ne."

Nana ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Suka gwada da Garba, ya shiga. A bakin ƙofa Yasmin ta ce mata, "Allah ya sanya alheri," ba tare da ta kalle ta ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da babu labari.

*

Ana saura kwanaki kaɗan a yi wasan, Nana tana jiran bas ta cika, sai ta ji an taɓa mata hijabi.

Inna Rahamatu ce, mahaifiyar Abdullatif. 'Yar siririyar mace, mai sayar da bandar kifi a bakin kasuwa, wadda ba a cika jin muryarta ba ko a wurin ciniki. Nana ta zube a wurin, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Tashi, ɗiyata. Zo nan bayan rumfa."

Suka zauna kan wani benci, ƙamshin banda ya cika wurin. Inna ta daɗe tana gyara bakin zanenta.

"Na ji an canza suna."

"An canza, Inna."

"Ranar da aka zaɓe ki ina wajen taga. Kifi na kai wa wata a layin, na ji ana kira. Na tsaya da tire a kai har kika gama. Ranar na yi barci har asuba. Na manta rabon da in yi haka."

Inna ta ɗago ta dube ta.

"Batula ta ba ki labarina."

"Ta ba ni."

"Haka take ba kowa. To ga nawa. Ni na fara ganin hadarin. Su duk sun ba gabas baya suna jan taru. Na ruga har ruwa ya kawo mini gwiwa, na ce Malam. Na sake cewa Malam. Ɗiyata, rabin mazan da ke kan ruwan nan Malam ake ce musu. Ba wanda ya juyo. Sunan yana nan a bakina, ina jin nauyinsa, ga surukata a bayana, ga matan gari. Ban kira ba."

"Inna..."

"Ban ce da na kira da ya ji ba. Iska ake yi. Kwana kuma idan ya ƙare ya ƙare. Amma ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Su kuwa suka mai da abin ado, suna nuna ni ga amare."

Wata bas ta cika ta tashi. Nana tana jin kwandasta yana kiran Kurfi, ba ta motsa ba.

"So nake ki kira mini shi. Ranar Asabar. Yadda kika kira ranar."



"Inna, Yasmin za ta iya. Yau ɗin nan zan bar mata wasan, a mayar da sunan, ta kira shi da kyau..."

"Yasmin ba kowa ba ce gare shi. A bakinta suna ne kawai. Ni daga bakin da aka hana nake son in ji, irin nawa."

"Za a fasa auren, Inna."

"Na sani."

"Ina son sa. Wallahi ina son ɗanki."

"Na san wannan ma." Inna ta share ido da gefen gyale. "Ban da ikon sa ki. Kuma kada in yaudare ki, ba zan iya tsayawa gaban Batula in ce ni na roƙe ki ba. Ban taɓa iya tsayawa gabanta ba. Idan ba ki yi ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Abu ɗaya dai, kada ki gaya wa kowa. Ko shi."

Ta ƙulle kifi a leda ta tura wa Nana a cinya.

"Ki kai wa mamanki."

*

Kwanakin da suka rage Nana ba ta ci abincin kirki ba. A aji ta rubuta darasi a allo ta goge, ta sake rubuta shi. A gida idan ta shiga ɗakin mahaifiyarta sai ta kauce wa kallon akwatin.

A gwajin ƙarshe ta rera Garba daidai, Malam Kefas ya ɗaga mata babban yatsa.

A hanyar tasha ta tsaya.

"Marubuci."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Idan na yi wani abu da ba ka gane dalilinsa ba... za ka tsaya?"

"Kamar me? Kin ci bashin kwalliya ne?"

"Ba wasa nake ba."

Ya jingine babur ɗin ya dube ta da kyau.

"Nanata, kin rame. Tsoron jama'a ne? Gwaggo ta sauko, har ta ce za ta zo da ƙawayenta. Baba ma zai zo. Komai ya daidaita, masoyiya."

"Me ya sa ka rubuta cewa ta kira shi, ya juyo?"



"Don haka na so a ce ya faru."

"Ka taɓa tambayar Inna?"

"Inna ba ta maganar nan. Ni ma ba na ɗauko mata." Ya yi murmushi. "Gobe ki kira Garbanki, in juyo, a tafa mana, a sa rana. Shi ke nan."

"Shi ke nan," ta ce.

*

Ranar Asabar ɗakin ya cika tun kafin a idar da la'asar. Maza a dama, mata a hagu, yara a kan tagogi. Gwaggo Batula tana layin gaba da ƙawayenta. Malam Lawal yana cikin dattawa, ya sa sabuwar hula. An ɗinka shuɗin yadi an shimfiɗa a matsayin ruwa, kafinta ya yi rabin kwale-kwale da falanki.

Wasan ya tafi lafiya. An yi dariya a waƙar cinikin kifi, an yi tafi a waƙar aure. Har aka zo ƙarshe Nana ba ta san abin da za ta yi ba. Wannan ita ta faɗa daga baya, kuma babu dalilin ƙaryata ta.

Mai ganga ya kawo tsawa. Abdullatif yana cikin kwale-kwale, ya ba ta baya.

"Gabas ta yi baƙi, juyo ka gani..."

Garba na kan harshenta. Ta shirya shi.

"Saki tarun nan, gida ke kira..."

A can layin ƙarshe na mata, kusa da ƙofa, Inna Rahamatu tana tsaye. Ba ta sami kujera ba. Ta dafa bango da hannu ɗaya, leɓɓanta suna motsi babu sauti.

Nana ta ja numfashi.

"Ashafa..."

Yatsun Malam Kefas suka yi tuntuɓe, sannan suka koma tsohon sautin da kansu.

"Ashafa! Ashafa, juyo..."

A rubuce, sai an ƙara baiti guda masuncin zai juyo. Abdullatif bai jira ba. Ya juyo da tarun a hannu, kuma fuskar da ya juyo da ita ba ta wasa ba ce.

Waɗanda ba su san komai ba suka miƙe suna tafi, su ne suka fi yawa. Gwaggo Batula ta miƙe ita ma, ta gyara gyale, ta bi tsakiyar jama'a ta fita, ƙawayenta na biye. Malam Lawal ya cire sabuwar hular ya riƙe a hannu. Da Nana ta sake duba bakin ƙofa, Inna ba ta nan.

A bayan labule Abdullatif ya same ta zaune kan akwatin lasifika.

"Me ya sa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Mantawa kika yi? Ki ce mantawa kika yi, Nana, in je in faɗa musu yanzu."

"Ban manta ba."

"To me ya sa? Mun gyara komai. Na cire sunan ubana daga wasan da na rubuta don shi, saboda ke."

"Na sani."

"Tafin kike so? Ga shi can, kin samu."

Wannan ta shige ta. Ta ɗago.

"Ba zan iya faɗa maka ba."

"Ni ne fa, Nana..."

"Kai ɗin ne ba zan iya faɗa wa ba."

Ya ajiye tarun a ƙasa ya fita.

Yasmin ce ta kawo mata jakarta. Ta tsaya kamar za ta wuce, sai ta ce, "Ni bidiyo kawai na nuna. Ban ce ki kashe aurenki da hannunki ba." Sai ta ƙara da cewa, "Kin dai rera. Ban taɓa jin irinsa ba."

Nana da Malam Lawal suka hau bas zuwa Kurfi. Sai da suka shiga zaure ya ce, "A gidana kika koyi wannan?"

"A'a, Baba."

"Akwai dalili?"

"Akwai."

"Faɗa mini."

Ta durƙusa tana kuka, ba ta faɗa ba.

*

Ranar Litinin da hantsi suka zo. Kawu Jibril ya zauna a zaure da Malam Lawal, kowa yana ba kowa haƙuri. Gwaggo Batula da mata biyu suka shiga tsakar gida. Mahaifiyar Nana ta fito da akwatin da kanta ta ajiye a kan tabarma.

"Ku duba, Hajiya, ba a taɓa komai ba."

"Ba sai mun duba ba. Ku mutanen kirki ne. Yarinyar ce dai ba tamu ba."

Nana tana ɗaki tana ji. Ta kira Abdullatif tun jiya, bai ɗauka ba. Ta riga ta daina sa ran komai.

Sai aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida.

Abdullatif ne. Ya ce da asuba mahaifiyarsa ta tashe shi ta ce ya kai ta Kurfi, ya tambayi dalili ba ta faɗa ba. Ya tsaya a ƙofar zaure. Inna Rahamatu ta gaida mazan ta wuce ciki, takalminta ɗaya ya tsinke tana jan sa.

"Rahamatu?" in ji Gwaggo. "Me ya kawo ki? Ai na ce ki zauna, mu za mu ji da shi."

Inna ta tsaya a gaban akwatin.

"Ni na roƙe ta."

"Kika roƙe ta me?"

"Ta kira. Ni na tare ta a tasha. Ta ce mini za a fasa aurenta, na ce na sani."

"Ke? Ke da muke misali da ke?"

"Kun yi ta misali da ni, Batula. Ba wanda ya taɓa tambayata."



"Kin san abin da kike faɗa kuwa? A gidan surukai?"

"Na sani." Inna ta buɗe baki ta rufe. Nana ta taso ta tsaya a bakin labule.

"A... Ashafa."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Amma an ji har zaure.

"Ashafa. Sunansa ke nan. Yayanki ne, na sani. Ni kuma mijina ne."

Sai ta zauna a kan akwatin.

Kawu Jibril ya yi gyaran murya daga zaure.

"Batula, a bar kayan nan inda suke."

"Yaya..."

"Na ce a bar su. Yarinyar nan amana aka ba ta, ta riƙe har tana shirin rasa aurenta. Ni ban ga wadda ta fi ta dacewa da gidanmu ba. Malam Lawal, idan ba ka janye ba, mu ba mu janye ba."

"Ban janye ba," in ji Malam Lawal.

Gwaggo Batula ta dubi Inna, ta dubi labulen da Nana ke bayansa. Idonta ya kawo ruwa, ba ta bari ya zubo ba.

"Ku yi aurenku," ta ce. "Ba da ni ba."

Ta fita. Ko da ta wuce Abdullatif a ƙofa ba ta kalle shi ba.

Da mutane suka ragu aka ba Nana da Abdullatif izinin magana a zaure. Ya zauna a can gefe, ita a nan gefe.

"'Yar Kurfi."

Ta kau da kai.

"Na ce miki tafi kike so."

"Ka ce."

"Ki yafe mini, Nanata. Kin tambaye ni ko zan tsaya, na ba ki amsa da wasa, da lokacin ya zo kuma na fita."

"Ka ɗauko Inna dai."

"Ita ta ɗauko ni. A hanya ta ce in rage gudu, tana so ta gwada faɗar wani abu. Ina jin ta a bayana tana ta farawa tana tsayawa, iska ta hana ni ji." Ya share fuska da tafin hannu. "Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba."

"Marubuci, kuka kake a zauren surukai?"

"Hayaƙin hanya ne."

"To na yafe. Amma takalmin Inna ya tsinke, ka je ka nemo mai gyara."

An ɗaura auren a Kurfi bayan ƙaramar sallah. Malam Kefas ya zo da matarsa, 'yan amshi suka yi wa amarya waƙar cinikin kifi har ta yi dariya a cikin lulluɓi. Gwaggo Batula ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Nana ta je gaishe ta sau da dama, kullum ana cewa tana barci.

Ƙungiyar Muryar Karaduwa ta sa ranar kai wasan Kurfi a wata mai zuwa. An mayar da sunan asali a waƙar. Yasmin tana zuwa gwaji da wuri, ta haddace baitocin duka. Nana ma tana zuwa, daga gidan da yanzu hoton marigayin ke rataye a falonsa, kuma tun ranar Asabar ɗin nan ba a sake jin sunan a bakinta ba. Inna Rahamatu ta aika a ajiye mata kujera a layin gaba, ta ce a ajiye wata a kusa da tata, ko Batula za ta zo.

Har zuwa gwajin jiya Malam Kefas bai faɗi wadda za ta fito a matar masunci ba.